Saniyar Sake a Bakin Gaji

"Direba mu je gaba, wannan ai shanu ne." Ban san adadin lokutan da na ji wannan magana ba a shekaru huɗun da na yi ina yaron motar kai baƙi kallon namun daji a Yankari. Mutum ya taso daga Kano ko Legas ko Jamus, ya kwana yana mafarkin giwa da zaki, sai mu tsayar da shi gaban garken ɓauna suna tsaye cikin ƙura suna tuƙa. Ya ɗauki hoto ɗaya, ya duba agogo. Ni ma a makon farko haka na ɗauke su. A gidan masu shanu na tashi, kuma abin da na gani a fadamar kogin Gaji bai wuce baƙaƙen shanu da jajaye marasa tozo ba.

A ƙarshen 1980 na je, bayan na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Kawuna direba ne a can, shi ya ce in zo in riƙa taya shi maimakon zaman banza. Daga Bauchi ka kama hanyar Gombe, a Dindima ka karya dama har ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar sama da kilomita 40 cikin daji kafin ka isa sansanin Wikki. Aikina wanke mota, duba ruwa da baƙin mai, kafa wa baƙi tsani su hau, da fassara wa Turawa abin da malamin daji ya faɗa da ɗan Turancin da na samo a makaranta. Muna fita sau biyu a rana, da sassafe da kuma bayan la'asar. Tsakanin nan sai wanka a ruwan Wikki mai ɗumi, wanda zafinsa ba ya sauka daga digiri 31 ko da tsakiyar hunturu, da korar birai daga bakin ɗakin girki.

Malamin dajin da aka fi haɗa mu da shi dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Maharbi ne ɗan maharbi daga ƙauyukan gefen dajin. Kafin a keɓe Yankari a 1956 ya yi farauta a cikinsa da kwari da baka, kuma da aka buɗe wa baƙi ƙofa a 1962 sai aka ga babu wanda ya san hanyoyin dabbobin kamar irinsu, aka ɗauke su aiki. Yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ba mai yawan magana ba ne, amma in baƙo ya kira ɓauna saniya, sai ka ga ya gyara zama ya ce: "Ranka ya daɗe, saniya ce, amma ta sake. Tun da aka halicce ta ba wanda ya taɓa sa mata igiya, ba wanda ya taɓa tatsar ta." Gaskiya ya faɗa. Ɓaunar Asiya an horar da ita tana noma tana ba da nono, amma ta Afirka har yau ba ta shiga turken kowa ba.

Daga bakinsa na koyi kallonta. Abu na farko iska. Yana yawo da toka ƙulle a tsumma, in muka hango garke sai ya girgiza ƙullin ya ga inda tokar ta nufa, sannan ya nuna wa kawuna inda zai ajiye mota. "Ɗana," in ji shi, "ɓauna da hanci take kallonka." In ta ji motsi takan ɗaga kai sama, ta miƙa hanci gaba, ta zuba maka ido ta ƙarƙashin ƙaho kamar mai bin ka bashi, tana jiran iska ta kawo mata labarinka. In iskar na kaɗawa daga wajenta zuwa wajenka, kuna iya yin rabin sa'a kuna kallon juna. In ta juya, sai ka ji huci ɗaya, garke ya ɗiba gaba ɗaya, ƙasa na rawa. Akwai kuma carki, ɗan tsuntsun nan mai cin kaska a bayanta, har cikin kunne da hanci yake shiga. Shi ne mai gadinta: da ya hango mutum sai ya tashi da tsuwa, duk garken ya farga. Balbela kuwa bin ƙafafunsu kawai take tana tsintar farar da suka tayar, kamar yadda take bin shanunmu a gida. Sawunta ma ya nuna mini, irin na saniya ne amma ya fi faɗi, na gaba ya fi na baya girma domin nauyinta a ƙirji da wuya yake.

Namu na Afirka ta Yamma ba su kai na Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu girma ba. Can baƙaƙe ne wuluk, babban namiji kan haura kilo 800, gindin ƙahoninsa ya haɗe ya rufe goshi kamar an kife masa akushi. Namu sun fi ƙanƙanta, kuma a garke ɗaya za ka ga baƙi, ka ga mai ruwan ƙasa, ka ga ja. 'Yan maruƙa jajaye ake haihuwarsu, launin na duhu yayin da suke girma, musamman maza. Saniya wata tara take da ciki, ɓauna wata goma sha ɗaya, kuma galibi sai bayan shekara biyu take sake haihuwa. Wannan lissafi ban ɗauke shi da muhimmanci ba a lokacin. Daga baya na gane abin da yake nufi in garke ya karye.

Rayuwarsu gaba ɗaya a kan ruwa take. Ɓauna ba ta jure ƙishi, kusan kullum sai ta sha. Da damina, da ruwa ke ko'ina kuma gamba ta fi mutum tsawo, sukan watsu cikin daji, mu yi kwana uku ba mu ga ko wutsiya ba. Amma daga Fabrairu zuwa Afrilu, in tafkuna sun ƙafe, ganyen taramniya da baushe ya zube, dole kowa ya gangaro kogin Gaji, wanda ba ya ƙafewa domin maɓuɓɓugai ke ciyar da shi. Kiwonsu da dare ne da sanyin safiya. Rana na ɗagawa sai su shige inuwa su kwanta suna tuƙa, kafaɗa na gogar kafaɗa. Da yamma su fito layi guda zuwa mashaya, tsofaffin mata a gaba, maruƙa a tsakiya, ƙarti a gefe da baya. Baba ya ce garken na mata ne, uwa da 'ya'yanta da jikokinta, maza baƙi ne masu zuwa su tafi.

Sau ɗaya na ga abin da suke yi wa zaki. Da sassafe ne, zakanya biyu sun kayar da maraƙi a bakin fadama, garken ya riga ya watse. Maraƙin ya yi wani irin kuka mai tsawo. Ƙurar da ta yi gaba sai muka ga ta tsaya, ta juyo. Suka dawo a dunƙule, kawuna ƙasa, ba gudu ba, tafiya ce mai nauyi, uwar tana gaba. Zakanya ɗaya ta saki tun daga nesa, ɗayar ta yi gurnani ta tsaya har sai da wani baƙin namiji ya zabura, sannan ta yi tsalle ta faɗa ciyawa. Maraƙin ya tashi da jini a wuya ya shige tsakanin ƙafafu. Gwanki ko kanki in zaki ya kama ɗaya, sauran sun tsira ke nan, ba mai waiwaye. Ɓauna tana komowa. A ranar babu baƙon da ya ce mu je gaba.

Wanda ake tsoro shi ne tsohon namiji. In shekaru sun ja, matasa sun fi ƙarfinsa, yakan bar garke ya zauna shi kaɗai ko da tsofaffi biyu uku irinsa, kusa da ruwa, inda ciyawa ke da laushi domin haƙoransa sun cinye. Gashin jikinsa ya zube, don haka yake birgima a taɓo, taɓon ya kare shi daga rana da ƙuda, in ya bushe ya goga a bishiya ya fita da kaska. Da irinsa na haɗu a shekarata ta biyu. Hular wata baƙuwa iska ta ɗauke ta faɗa gefen hanya, ni kuma ban jira izini ba na dira. Na sunkuya ke nan sai wani abu da na ɗauka suri ne ya miƙe a cikin ciyawa, bai fi taku goma sha biyar ba. Har yau in na rufe ido ina ganinsa: busasshen taɓo yana tsagewa a gadon bayansa yana zuba, kunnen dama a yage gida biyu, ƙudaje sun kewaye idonsa, bakin ƙaho ɗaya ya karye. Warinsa irin na garken gidanmu ne sak. Sai na ji muryar Baba daga mota, a hankali kamar mai lallashin jariri: "Ɗana, kada ka gudu. Kada ka juya masa baya. Ja da baya, taku ɗaya ɗaya." Na yi ta ja har bayana ya taɓa ƙarfen mota, aka fizge ni sama. Tsohon ya yi huci, ya girgiza kai, ya juya ya shige.

A daren nan Baba ya kira ni, ya naɗe wandonsa ya nuna mini cinyarsa. Tabo ne daga gwiwa har kusa da ƙugu, naman wurin ya lotsa. Ya ce yana saurayi ya harbi namiji da kibiya mai dafi, bai jira dafin ya ci ba ya bi jini cikin sarƙaƙiya. Dabbar ta riga ta kwanta a gefen sawunta tana fuskantar inda zai ɓullo. Ya ce bai ga tasowarta ba, sai dai ya gan shi a sama. Wata huɗu ya yi kwance. "Wanda ka gani yau bai da rauni, shi ya sa ya bar ka. Ɓauna ba ta neman mutum da faɗa. Amma wadda aka harba, ko wadda waya ta ci wa ƙafa, ita ce ke kashe manomi da mace mai itace da ba su san hawa ba su san sauka ba."

Daga nan na ɗauka babu abin da zai kayar da wannan dabba sai harsashi. Sai ga bazarar 1983.

Tun watan Janairu muke jin labari daga Borno cewa cutar bushiya ta ɓarke a shanu, har ta shiga gidan namun daji na Maiduguri ta kashe wasu dabbobi. A watan Maris ta iso mu. Ungulu ce ta fara faɗa mana: sun cika sararin sama a kan Gaji, a wurare uku huɗu lokaci guda, abin da kisan zaki ba ya jawowa. Da safe muka tarar da wata uwa tsaye ita kaɗai a tsakiyar hanya. Kawuna ya matsa har kusa, ba ta ɗaga hanci ba. Hawaye masu kauri sun zubo sun bushe a kumatunta, idanun sun yi fari, yawu na dalala daga baki, cinyoyinta duk zawo. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce: "Innalillahi. Bushiya ce." Ya san ta tun yana yaro, ya ga yadda take share ruga.

Makonnin da suka biyo ba na son tuna su, amma ba su barina. Cutar zazzaɓi take sawa, ta ɓare baki da hanji da gyambo, zawo ya tsotse ruwan jiki, don haka duk wadda ta kamu ruwa take nufa. A bakin kogi muka riƙa samun su, wasu rabin jiki a cikin ruwa, wasu sun makance suna karo da bishiya. Aka haɗa mu duka, direbobi da yaran mota da malaman daji, muna bin ungulu muna nemo mushe, likitocin dabbobi na yanka suna ɗibar abin gwaji. Mukan ɗaure hanci da rawani, amma warin sai ya bi mu har cikin tuwo. Kuraye sun ƙoshi har suna wuce mushe ba su taɓa ba. Ƙididdigar da likitocin suka fitar daga baya ta ce an tsinci gawar ɓauna 207, da gadu 20, da gwambaza 8, da mazo 2. Wannan abin da aka gani ne, a dajin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A wata fadama na ga ɗan maraƙi ja yana tsaye jikin uwarsa da ta kwana biyu da mutuwa, yana tura kai ƙarƙashin cikinta. Baba, mutumin da ɓauna ta nakasa, ya zauna a kan gungume ya rufe fuska da hularsa.

Ana cikin haka aka aiko daga gida. Mahaifina yana da shanu 14 da ya ba wani Bafulatani amana shekaru da yawa. Na isa rugar da hantsi. Turaku a tsaye, igiyoyin maruƙa a ƙasa, ƙwaryar tatsa a kife. Mutumin ya kama hannun mahaifina ya kai shi bayan ruga yana nuna masa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowace da sunanta. Uku suka rage mana, shi kuwa nasa sun fi namu yawa kuma asararsa ta fi tamu. Na durƙusa gaban wata karsana da ke shure-shure, na ga hawayen nan masu kauri, na ji warin nan. Babu bambanci ko kaɗan da abin da na baro a Gaji. An ƙiyasta Najeriya ta rasa shanu kusan miliyan guda a wannan annoba.

Ukun da suka tsira tsofaffi ne, kowace da huda a kunne. Shaidar allura ce ta gangamin rigakafin da aka fara a 1962 a ƙasashen tafkin Chadi, wanda ya kori cutar daga Najeriya. Da aka ga ta tafi sai hannu ya yi sanyi, aka yi shekaru ana haihuwar maruƙan da ba su san allura ba, cutar ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe. Daga shanu ta shiga daji. Yankari ba shi da shinge, kuma da rani in ciyawa ta ƙare a waje, makiyayi yana hango kore a ciki. Saniya ta sha a mashaya da rana, ɓauna ta sha da dare. Ban taɓa iya zagin makiyayin nan ba, domin na ga rugarsa.

Ba wanda ya yi wa ɓauna allura, ba mai iyawa. Shanu aka bi ana yi wa, da maganin da ake haɗawa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, sannan da babban gangamin Afirka da aka fara a 1986. Da cutar ta mutu a shanu sai ta mutu a daji da kanta. Wuri na ƙarshe da aka tabbatar da ita a duniya a jikin ɓauna ne, a gandun Meru na Kenya a 2001, kuma a 2011 aka shelanta an kawar da ita kwata-kwata, cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa gamawa da ita bayan agana. Ranar da na ji a rediyo, Baba na tuna. Bai kai ba.

Na bar Yankari a 1984 na tafi kwalejin horon malamai, na yi aikin koyarwa har na yi ritaya. Daga nesa na riƙa bin labarinsa: ya zama gandun tarayya a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006, daga baya kuma ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shigo tana taimakawa da sintiri. Bushiya ta tafi, amma abin da ke cin ɓakane yanzu a hankali yake ci. Akwai tarkon waya da ake kafawa a hanyar mashaya, wanda ba ya zaɓe. Akwai masu shiga da bindiga su yi kwanaki suna banda su fito da buhuna. Akwai gonaki da suka matso har bakin iyaka, da dubban shanu da ba su da inda za su. Malaman daji suna kwana a ƙasa cikin sauro da tsando, wasunsu sun rasa rayukansu a wannan aiki, kuma ina ganin ba a ba su girman da ya kamace su ba. A 2019 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta mayar da ɓaunar Afirka cikin jerin dabbobin da suka kusa shiga haɗari, kuma mu nan yamma abin da ya rage mana tsibirai ne irin su Yankari, Kainji, Gashaka Gumti, gandun W na Nijar da maƙwabtanta.

Amma dabba ce mai farfaɗowa in an bar ta. A gandun Zakuma na Chadi sun ragu zuwa kimanin 220 a 1986, yau sun haura 10,000. Ciyawa take so, da ruwa, da a ƙyale ta ta haihu. Abin da shekarar 1983 ta dasa mini shi ne duk mai son ɓauna dole ya damu da saniya. In makiyayi yana da burtali da mashaya da makiyaya a waje, kuma likita na zuwa rugarsa da allura, bai da dalilin kutsawa inda tsando zai sa wa shanunsa sammore, inda kuma za su iya kwaso boru daga ɓauna. Shigar nan shi ma asara yake yi, tilas ce ke kai shi. Sintiri wajibi ne, ban raina shi ba, amma na ga lokacin da malaman daji suna nan da bindigoginsu, garke ya zube a gabansu, kuma abin da ya tsayar da zubewar sirinji ne a hannun wani ma'aikaci a wata ruga mai nisa.

Bazarar da ta wuce na koma tare da jikata 'yar shekara tara. Motocin sun canza, yaran da ke jagora ban san ko ɗaya ba, ruwan Wikki dai yana nan da ɗuminsa. Fitar safe ba mu ga komai ba sai gwambaza da birai. Da la'asar, a wata fadama da nake jin na gane, ƙura ta tashi daga cikin bishiyoyi. Na roƙi direba ya kashe mota. Suka fito layi guda, ba su fi talatin ba, wata tsohuwa mai ruwan ƙasa a gaba, carki biyu a wuyanta. Yarinyar ta kama hannuna ta ce: "Kaka, ga shanu can, ina mai su?" Na ce mata ba su da mai su, ta yi shiru ta taya ni ƙirga jajayen. Muka ƙirga tare da yatsa, ta samu shida, na samu bakwai, domin akwai wani ƙarami da ke ɓoye bayan ƙafafun uwarsa. Muna cikin sake ƙirgawa iska ta juya. Tsohuwar ta ɗaga hanci, ta dube mu, ta yi huci, suka koma cikin gamba.